Lambu a Gindin Katanga: Abin da Na Sha Kafin Inuwa Ta Karɓi Shuka

A bayan ɗakina akwai wani zirin fili mai tsawon mita takwas, faɗinsa bai wuce mita biyu da rabi ba. Katanga ta tokare shi ta gefe ɗaya, wata tsohuwar darbejiya kuma ta yi masa rumfa daga ƙarshe. Shekara da shekaru nan ne makwancin duk abin da aka rasa inda za a kai shi: fasasshen bokiti, ragowar bulo, keken yara da ya rasa ƙafa ɗaya. Da na ajiye aiki na sami kaina da doguwar safiya ba inda za ni, sai idona ya riƙa komawa wurin. Ina da shekara 68 na ce zan mayar da shi lambun furanni, a zatona aikin mako biyu ne. Wata 18 ya ci. Na zauna rubuta wannan ne saboda duk wanda girma ya fara kamawa kuma yake da irin wannan lungu a gidansa, don ni daga inda ya kamata in ƙare na fara, kuma jikina da aljihuna duk sun gaya mini.

Wurin masu sayar da dashe na fara dosa. Mutum in ya shiga irin wurin nan idonsa ne ke yi masa ciniki. Na ga wardi ja jawur, na ga bogenbiliya ta yi fure har ba a ganin ganyenta, na tambayi yaron da ke tsaron wurin ko za su yi a inuwa. Ya ce, "Baba, waɗannan ai ko kan dutse ka ɗora su za su kama, ruwa kawai za ka riƙa ba su." Yanzu ban cika ganin laifinsa ba, tambayata ce ba ta da kai. Na ce inuwa, ban ce wace iri ba, domin ni kaina ban san inuwa iri-iri ce ba. Na kwaso wardi huɗu, bogenbiliya biyu da wasu ƙananan furanni cikin leda goma sha biyu. Washegari na ɗauki diga. Ban yi sara biyar ba na ci karo da saiwa, na matsa gaba na sake cin karo da wata, ga ɓaraguzan siminti da magina suka binne tun lokacin ginin katangar. Na yi ta sara ina ɓamɓara a sunkuye, daga hantsi har rana ta take. A rana ta uku na duƙa zan ɗaga wani guntun bulo sai na ji ƙuguna ya riƙe gam. Da rarrafe na kai bakin ƙofa. Jikana ne ya ƙarasa dasa su yadda ya ga dama.

Asibiti ya ci mini yini guda. Neman kati, layin awon jini, sannan zaman benci na kusan awa uku da ƙugun da ba ya son zama ba ya son tsayuwa, duk don ganin likita na minti goma. Amma minti goman nan sun fi duk shawarar da na samu daga baya amfani. Likitar yarinya ce sa'ar 'yata. Ta danna nan, ta danna can, ta sa na ɗaga ƙafa, ta ce tsoka ce na ja, ba ƙashi ba ne, kuma kada in kwanta in miƙe kwana da kwanaki, in riƙa ɗan takawa a hankali. Sai ta yi mini tambaya biyu da ban zata ba. Ta farko, yaushe rabona da allurar rigakafin tetanus? Na rasa amsa. Ta ce ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, ƙaramin yanka ya ishe ta shiga, kuma akan sabunta allurar ne duk shekara goma. A ranar aka yi mini. Ta biyu, ina shan maganin hawan jini? Na ce ina sha. Ta ce, "To Baba, in ka daɗe a tsugune kada ka zabura ka miƙe. Ka dafa wani abu, ka tashi a hankali, ka ɗan tsaya kafin ka taka, don jiri na iya ɗibarka." Ta ce in riƙa aikin minti ashirin in huta, in sa safar hannu, in zan ɗaga kaya in lanƙwasa gwiwa in rungumo shi kusa da jiki, abin da kuma za a iya yi a zaune kada in yi shi a sunkuye. Duk tsorona kada ta ce in haƙura da lambun ne. Ba ta ce ba.

Mako shida na yi ina jinya, kuma daga kan kujera na kalli furannina suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Wardin ya yi ta miƙa siraran rassa yana karkata wajen haske kamar mai leƙen katanga, ganyen ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Bogenbiliyar ta zubar da furenta kaf, ba ta sake yin wani ba. Na tuna maganar yaron nan, na sa aka ƙara ruwa safe da yamma, sai ƙananan suka ruɓe daga gindi. Daga baya na gane cewa wardi da bogenbiliya duk 'yan rana ne, sai sun sami aƙalla awa shida tana dukansu kai tsaye suke fure, kuma babu yawan ruwa ko taki da zai maye musu gurbinta.

Zaman dolen nan ne ya sa na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na ɗauki littafi da biro, na sa aka kafa 'yan turaku a kowace mita, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa shida na yamma duk bayan awa ɗaya ina rubuta turken da rana ke kansa. Masu lambu sun raba abin gida uku: wurin da ke samun rana awa shida ko fiye, wurin da ke samun tsakanin uku da shida, sai wanda bai kai uku ba, wanda shi ne cikakkiyar inuwa. Da na haɗa lissafin kwana uku sai na ga ashe zirin nawa ba wuri ɗaya ba ne. Mita uku na farko, nesa da bishiyar, suna samun ranar safe kusan awa huɗu. Tsakiya kuwa rana ba ta sauka sai dai ɗigo-ɗigo ta tsakanin ganye, tana yawo in iska ta kaɗa. Ƙarshen, inda katanga da kututture suka haɗu, ko awa ɗaya ba ya samu. Akwai kuma bambancin da littafin bai nuna ba sai jiki: ranar safe mai laushi ce, awa biyu na ranar tsaka kuwa sun isa su ƙona ganyen shukar inuwa.

Ina murna na gano sirri, na nuna wa uwargida zanen. Ta duba ta ce, "Malam, wannan ai na yanzu ne. In shekara ta juya, rana har gindin katangar nan take sauka da azahar. Ni da nake shanya a nan shekara talatin ka tambaye ni mana." Gaskiya ta faɗa. Hanyar rana a sama ba ɗaya ba ce duk shekara, tana kai ƙarshen karkatarta ta gefe ɗaya wajen 21 ga Yuni, ta ɗaya gefen wajen 21 ga Disamba, inuwar katanga kuma tana tsawo tana gajarta da ita. Ga bishiya ma tana da lokacin da take sassauta ganye. Sai na ci gaba da awon, yini ɗaya a kowane wata, har wata shida. Wanda ba zai iya jira ba, ya nemi mai shanya a gidan ya tambaya kafin ya sayi ko da leda ɗaya.

Ana cikin haka na koma kan ƙasa. Gwaji biyu na yi a gida. Jikana ya haƙa mini rami mai zurfin santimita 30 a wuri biyu, muka cika da ruwa, ya tsotse, muka sake cikawa muna duba agogo. Na kusa da bishiya bai yi awa ɗaya ba ya ƙafe, na ɗaya ƙarshen ya ɗauki kusan awa huɗu. In da ruwan ya kwana a ramin, da matsalata ta zama ta taɓo da ruɓewar saiwa. Na biyu, na zuba ƙasa cikin kwalba zuwa rabi, na cika da ruwa, na girgiza sosai na ajiye. Yashi kan kwanta cikin minti ɗaya zuwa biyu, ƙasa mai laushi ta biyo baya cikin 'yan awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Tawa yashi ya fi rabi. A nan na fahimci cewa abin da ke kashe shuka a gindin bishiya ba duhu kaɗai ba ne, har da ƙishirwa. Ganye na tare ruwan sama daga bisa, saiwa na shanye wanda ya sauka, katanga kuma na kare wani. In an yi ruwa ka tona gindin katanga da yatsa, sau da yawa za ka tarar da tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu a bushe ƙayau.

Gwajin sinadaran ƙasa ba ya yiwuwa da kwalba, don haka na tafi ofishin malaman gona. Sau uku na je. Zuwan farko wanda ke karɓar samfur ba ya nan, aka ce in dawo jibi. Na biyu na same shi, na miƙa masa ƙasar da na ɗebo, ya buɗe ya sunsuna ya yi dariya. Dintsi ɗaya na kwaso daga sama, a cikin tsohon buhun takin zamani, wato da an gwada ta buhun za a auna ba ƙasata ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai ka sake." Ya karanta mini yadda ake yi: a share ganye da dattin sama, a haƙa zurfin santimita 15 zuwa 20 a wuri biyar ko shida, a ɗebi kaɗan daga kowanne, a gauraya a bokiti mai tsabta, a shanya a inuwa ta bushe, a kawo kamar rabin kilo a sabuwar leda da suna a jiki. Da na ce masa akwai katanga da bishiya, ya ce in raba samfurin biyu, na gefen katanga daban. Na cike fom mai tambayar abin da aka taɓa shukawa, abin da nake son shukawa da takin da na taɓa zubawa, na biya na karɓi rasit. Aka ce mako biyu, sai da aka yi uku da 'yan kwanaki. Duk wannan bayanin da an rubuta shi a takarda an manna a ƙofa, da an rage wa tsoho zirga-zirga.

Takardar sakamakon shafi ɗaya ce cike da lambobi, kuma kada ka karɓa ka juya, ka tsaya a fassara maka. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne ma'aunin tsami da kanwar ƙasa, wanda suke rubutawa pH. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa, kuma yawancin shuke-shuke sun fi walawa tsakanin 6 da 7. Samfurin gefen katanga ya nuna 7.9. Ya ce farar ƙasar da ke cikin siminti da ɓaraguzan gini ce ke jiƙewa tana shiga, kuma in lambar ta yi sama haka saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Ya tambaye ni ko ina zuba toka. Na ce ƙwarai, don korar gara. Ya ce in daina, toka ƙara kanwa take yi. Maganin da ya ba ni ba na saye ba ne: a tsince ɓaraguzan, a yi ta ba ƙasar ruɓaɓɓen ganye, a kuma zaɓi shukar da ba ta da tsirfa.

Sai maganar bishiya, kuma a nan na kusa yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Shirina shi ne in sa a sare saiwoyin da suka dame ni, a kawo ƙasa mai kyau a jibge a kai har gwiwa. Mai sassaben bishiyar da na kira dattijo ne, ba zai rasa shekara sittin ba, shi ke nunawa daga ƙasa yaransa na hawa. Ya zagaya kututturen ya ce, "Yallaɓai, in ka yi haka ba bana za ta mutu ba, sai nan da shekara uku ko huɗu, lokacin ka manta abin da ka yi mata." Ya ce saiwoyin da bishiya ke ci da sha da su ba can ƙasa suke ba, yawancinsu suna cikin rabin mitar sama, suna kuma buƙatar iska, in aka danne su da tulin ƙasa shaƙewa suke. Manyan da ke kusa da gindi kuwa su ne ke riƙe da ita in iska ta taso, ga ɗakin kwanana a gefe. Abin da ya yarda ya yi shi ne ɗage mata siket, kamar yadda ya ce: ya cire ƙananan rassan ƙasa ya rage cunkoson ciki don haske ya ratsa, kuma ya ƙi wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a aiki ɗaya. Kafin ranar sai da na shiga wurin maƙwabcina, tunda reshe biyu sun haura gidansa kuma ta can za su faɗi. Aikin yini ɗaya ne. Da suka kwashe, wurin ya yi haske kamar an buɗe taga.

Birkila ne ya biyo baya, kuma tsarin da na ba shi da tsawon hannuna na auna shi. Na zauna a kujera na miƙa hannu ba tare da na sunkuya ba, ya kai kamar santimita 60. Don haka muka raba faɗin uku: rabin mita a jikin katanga aka zuba tsakuwa, wanda ya kauce wa busasshen wurin nan, ya hana danshi cin ginin, ya kuma ba ni 'yar hanyar da nake bi ina dafa bango. Sai fangalin shukar mai faɗin mita ɗaya da ɗan ɗori, ina kai tsakiyarsa ta kowane gefe. Sai babbar hanya mai santimita 90, wadda baro zai bi yau, sanda ko abin turawa su bi gobe in ta kama. A mita ukun da ke nesa da bishiya aka ɗaga gefen da bulo zuwa santimita 45, daidai tsayin kujera, aka yi masa faffaɗan baki na zama. Sauran aka bar shi a ƙasa ba tushe. Kafin a sa diga na nemo inda bututun ruwan gidan ya bi, ashe ta ƙarshen zirin ya ratsa. Inda muka saɓa da birkilan shi ne daɓen hanya. Na ce a bar shi da kaushi, shi kuwa ya goge rabin farko sumul don a ga iyawarsa. Wurin da rana ba ta busarwa gansakuka ke kama shi. Ruwan farko da aka yi na taka ƙafata ta tafi, bakin zaman nan ne ya tare ni. Sai da aka dawo aka farfasa saman, sauran kuma aka jera faffaɗan duwatsu a kan yashi.

Tun ina jinya na hana a ƙone ganyen da ake sharewa. A wani lungu muke tara shi, a ɗan yayyafa ruwa, a zuba tsohon taki da ya huce, a juya sau ɗaya a wata. Ɗanyen kashin dabba ƙona saiwa yake, sai ya yi watanni. Wata takwas tulin ya yi kafin ya koma baƙi mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa, ga tana na yawo a ciki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya zaizaye: abin da ya kai ƙuguna ya dawo bai kai gwiwa ba. Ka tara fiye da yadda kake zato.

Komawata wurin masu dashe ta biyu da littafina na je da takardar gwaji, kuma ban tsaya a bakin hanya inda aka jera masu ɗaukar ido ba. Na ce wa mai wurin ya kai ni inda yake ɓoye waɗanda rana ke ƙonawa. Ya kai ni baya, ƙarƙashin wata rumfar raga. Wannan dabara ta fi kowace tambaya: kalli inda shi mai sayarwa ya ajiye shukar, don ba zai bar jarinsa ya ƙone ba. A nan na ga cewa lambun inuwa na ganye ne fiye da fure. Na ɗauki moda, mai tsayayyen ganye kamar takobi, don busasshen wurin kusa da bishiya, tunda ita yawan ruwa ne ma ke kashe ta. Na ɗauki aspidistira don lungun da ya fi duhu, mai jinkirin girma amma ba ta san wahala ba. Tsakiya na sa fan, mai ganye kamar gashin jimina, da shukar gizo-gizo wadda ke sako 'ya'yanta a kan siraran igiyoyi. Wurin ranar safe kuma koliyas mai ganye ja da rawaya da shunayya, bigoniya, da kaladiyam, ɗan asalin Kudancin Amurka, mai ganye irin na gwaza amma da zanen ja da fari. Akwai wata mai faɗin ganye, difenbakiya, da na so ƙwarai, mai wurin ya tambaye ni ko akwai ƙananan yara a gidan. Ruwanta na ƙona baki ya kumbura harshe in yaro ya tauna. Na bar ta. Kaladiyam ma yana da irin wannan, shi ya sa na tura shi baya inda ɗan hannu ba ya kaiwa. Ƙanana na saya, ba manya ba, sun fi sauƙin ɗauka, raminsu kuma ƙarami ne.

Ban dasa nan take ba. Na jera su da ledojinsu a inda kowacce za ta zauna har mako biyu, ina kallo, ina musanya musu wuri. Da ruwa ya zauna sai na fara, uku ko huɗu a rana, a kan 'yar kujera, da ƙaramin shebur na hannu. A ɓangaren bishiya ba a haƙa a jere, laluben gurbi ake yi tsakanin saiwoyi: in ka ci karo da wadda ta fi babban yatsa kauri, ka matsa gefe. Kowane rami dintsi biyu na ruɓaɓɓen ganye, a zauna da shukar daidai zurfin da take a leda, a danna, a ba ta ruwa sosai. A ƙarshe na rufe fangalin da busasshen ganye mai kaurin santimita biyar zuwa bakwai, na bar tazarar tafin hannu a gindin kowace shuka don kada ta ruɓe. Kwana tara na yi, ban ji ƙuguna ba ko sau ɗaya.

Ban ruwa ne aikin da ba ya ƙarewa, kuma shi ya kamata tsoho ya fi yi wa tanadi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato butar ban ruwa mai lita 10 kaya ne na kilo 10 a hannu ɗaya, sau shida ko bakwai a zagaye guda. Na sami tsohon tiyo, na huda shi da ƙusa mai zafi duk bayan taƙi, na toshe ƙarshensa, na shimfiɗa shi ƙarƙashin ganyen. In na buɗe famfo kaɗan sai ya yi ta tsiyaya ina zaune. Sau biyu a mako ruwa mai nisa ya fi yayyafin kullum, wanda saiwar bishiya ke lashewa kafin ya kai ko'ina. Kafin in buɗe ina cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in da sanyi in bari sai gobe.

Sauran wahalhalun ƙanana ne, amma biyu daga ciki ni na jawo su da rashin sani. Dodon koɗi ya sami gida mai laima, ya riƙa huda bigoniya da dare, sai da na riƙa fita da tocila ina tsince su a gwangwani. Faranti biyu da na sa ƙarƙashin tukwane sun tara ruwa, sauro kuwa mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi, na kife su. Sai wata safiya na juya ganyen fan na ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere a bayansa. Na ce cuta ta shigo, na ɗauki almakashi na aske kusan rabinsa. Da na kai wa mai dashe ganye ɗaya ya riƙe baki ya ce, "Baba, ai irinsa ne ka yanke." Fan ba ya fure, da ƙurar da ke cikin ɗigon nan yake yaɗuwa, kuma ganinsu alamar lafiya ce. Da iska ta bushe kuma kaladiyam ya kwanta gaba ɗaya, ganye ya yi rawaya ya narke. Na kawo shebur zan tone in jefar, sai na ci karo da curinsa a ƙasa, da tauri, lafiya lau. Barci yake yi. Na mayar na rufe, na rage masa ruwa, na kafa tsinke don kada in manta wurin. Da ruwa ya dawo ya turo ganye a naɗe kamar takarda, ya fi na bara yawa.

Ta fuskar kuɗi, shuke-shuken su ne mafi arha a duk aikin, gwajin ƙasa ma bai taka kara ya karya ba. Birkila da mai sassabe ne suka kwashi kaso mafi tsoka, sai asarar furannin farko da kuɗin magani, waɗanda su biyun ni na saya wa kaina. Da zan sake, likita zan fara gani, sannan awon rana, sannan ƙasa, sannan bishiya da hanya, dashe ya zo ƙarshe, tarin ganye kuwa tun ranar farko. Zan kuma sayi rabin abin da na saya, domin reshen koliyas in ka tsinke ka sa a kofin ruwa mako ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa, 'ya'yan shukar gizo-gizo kuma ko ba ka roƙe su ba suna kamawa. Kada kuma a sa rai da saurin lambun rana. Shukar inuwa a hankali take tafiya, in ka matsa mata da takin zamani sai ta yi laushi ƙwari su samu.

Akwai abin da ban ci nasara a kansa ba. Mita ɗaya da ke kewaye da kututturen ta ƙi karɓar komai, har modar da na sa a nan ta tsaya cak wata shida ba ta mutu ba ba ta ƙaru ba. Na cire ta, na shimfiɗa ganye, na ajiye kujerata a wurin, kuma nan ne ya fi ko'ina sanyi da azahar. Darbejiyar ma ba ta haƙura ba. Makon jiya ina gyara gurbin bigoniya a ɗagaggen fangalin nan, mita biyar daga gindinta, na tarar da siraran saiwoyinta sun hauro ta ƙasa sun biyo danshi. Mai sassaben ya ce waɗannan ƙananan ba laifi in datse su sau ɗaya a shekara. Na sa wa jikana rana, shi zai riƙe shebur, ni zan nuna daga kan bakin zama.